Tsakanin Filin Jirgin Kano Da Na Dutse: Nisa Ake Dubawa Ko Awa?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa 'yan Adam ababen hawa a tudu da ruwa da sararin samaniya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.



A 'yan makonnin nan wasiƙu sun taru a wannan fili daga ƙasar Gumel, watau daga Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ko da yake kowa da irin lafazinsa, tambayar ɗaya ce. Suna cewa: mutum ya hau jirgin sama, ya zauna a kan kujera mai taushi, ana ba shi abin sha, kafin ya gama lazimi an ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Shin wannan ma matafiyi ne a shari'a? Zai yi ƙasaru? Zai ajiye azumi? Zai haɗa salla? Wani ma ya kawo misali da filayen jirgi guda biyu da mutanen wannan yanki suka fi sani, na Kano da na Dutse, ya ce tafiyar da ba ta kai tsawon huɗubar Juma'a ba ina ita ina rangwame?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba ƙarama ba ce, domin wanda ya rage salla inda ba a ragewa ya ɓata sallarsa, wanda kuwa ya ƙi rangwame inda Allah ya yi shi ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba. Amsar a taƙaice ita ce: nisa da lokaci ma'aunai ne guda biyu, kowanne da aikinsa. Nisa shi ke hukunta ƙasaru da ajiye azumi. Lokacin tashi da na sauka kuwa su ke hukunta haɗa salla da shan ruwa. Rikici yana zuwa ne idan an auna kayan wannan da mudun wancan. To, bari mu bi abin daki-daki.

FILAYEN NAN GUDA BIYU

Kano ta daɗe da sanin jirgin sama. A shekarar 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar ranar 27 ga Oktoba, suna yada zango a hanya, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 aka fara zirga-zirgar jirage a kai a kai tsakanin Kano da Hartum. Filin da ake kira da sunan Malam Aminu Kano a yau daga nan ya samo asali, kuma shekara da shekaru ta nan alhazan ƙasar Gumel suke tashi. Jihar Jigawa an ƙirƙiro ta a 1991, filin jirginta na Dutse kuwa a 2014 aka buɗe shi, a shekarar kuma aka fara kwashe alhazai daga can. A 2023 aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi.

Tsakanin waɗannan filaye biyu, in an ja zare miƙe, kamar kilomita 90 ne. Ba hanya ce da fasinjoji suka saba bi ta sama ba, domin mota ta fi sauƙi, amma misali ne mai amfani ƙwarai, saboda wannan nisa yana dab da iyakar da malamai suka yanka wa ƙasaru. Don a sami abin kwatantawa: daga Kano zuwa filin jirgin Damagaram kamar kilomita 200 ne, daga Kano zuwa na Abuja kamar 365, daga Dutse zuwa Abuja kamar 380, daga Kano zuwa Jidda kuwa kamar 3,400.

YADDA MASU JIRGI KE LISSAFI

Wajibi ne mu fahimci lissafin masu sana'a kafin mu ɗora hukunci a kai, domin malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa.

Da farko, nisan da suke faɗa shi ne mafi gajarta tsakanin wuri da wuri a bisa doron ƙasa, wanda yake a mulmule. Babu kwana, babu gada, babu ratsawa ta kasuwa. Shi ya sa kullum nisan sama yake kasa na hanyar mota. Har wa yau su da mil ɗin teku suke awo, wanda yake mita 1,852, ba mil ɗin Ingila da iyayenmu suka sani a duwatsun gefen hanya ba, wanda yake mita 1,609. Shi kuma mil ɗin da ke cikin littattafan fiƙihu wani abu ne dabam, za mu zo kansa. Saboda haka duk wanda aka ce masa mil kaza, ya tambaya: mil ɗin wa?

Na biyu, gudun jirgi. Manyan jirage masu injin feshi, idan sun kai can ƙololuwa sun daidaita, suna cin kilomita 800 zuwa 900 a awa. Masu farfela kuwa, waɗanda aka fi sawa a gajerun hanyoyi, kamar 500. Mai saurin lissafi zai ce ashe kilomita 90 minti 7 ke nan. Ba haka abin yake ba. Jirgi yana da tafiya a ƙasa kafin ya kai bakin titinsa, yana da jiran izini daga hasumiya, yana da hawa, yana da gangarowa, kuma a ƙasa-ƙasa an iyakance masa gudu. Sa'an nan ba ya tashi ko sauka sai ya fuskanci iska gwargwadon hali, don haka wani lokaci sai ya zagaya kafin ya daidaita da titi. A gajeren zango irin na Kano da Dutse ba ya ma kaiwa ƙololuwa, yana gama hawa sai gangara. Saboda haka abin da alƙalami ya ba minti 7 sai ya ci kamar minti 20 ko fiye. Haka nan Kano zuwa Abuja, alƙalami zai ce ƙasa da rabin awa, amma kamfanoni kamar awa guda suke rubutawa, domin su daga ɗagawar jirgi daga mazauninsa suke ƙirgawa har ya tsaya cik a ɗaya gefen.

Na uku, nisa ba ya sakewa, amma lokaci yana sakewa kullum. Iska ta baya tana rage shi, ta gaba tana ƙara shi. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan hana tashi ko ya sa jirgi ya yi ta shawagi yana jira, ko ya juya zuwa wani fili. Hadarin damina yakan sa a kauce. Hatta fitinun duniya suna shiga: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan waccan shekarar sai da suka yi zagaye, tafiyar da aka saba yi cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar ta ƙara tsawo. A watan Agusta na 2023 ɗin kuma Nijar ta rufe nata sararin na wani ɗan lokaci. Jidda ba ta matsa ba, Kano ba ta matsa ba, amma awoyi sun ƙaru.

Mai hankali zai ga hikima a nan. Da an rataya ƙasaru a kan awa, da mutum biyu sun tafi wuri ɗaya, wanda hazo ya tsare ya yi ƙasaru, wanda iska ta tura ya cika. Shari'a ba ta gina hukunci a kan abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

MA'AUNIN SHARI'A

Asalin ƙasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, na ajiye azumi kuwa cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. A duka wuraren, tafiya aka ambata, ba a ambaci raƙumi ko jaki ba. Ayar ƙasaru ta zo da maganar tsoron abokan gaba, har wani sahabi ya tambayi Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, dalilin ci gaba da ƙasaru bayan an sami aminci. Umar ya gaya masa shi ma ya taɓa yin wannan mamaki ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sanar da shi cewa wannan sadaka ce daga Allah, a karɓe ta. Imamu Muslim ya ruwaito wannan. To, idan gushewar tsoro bai ɗauke rangwame ba, yaya taushin kujera zai ɗauke shi?

Game da iyakar nisa, Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Abbas yana ƙasaru a misalin tsakanin Makka da Ɗa'ifa, da Makka da Usfan, da Makka da Jidda, ya kuma bayyana cewa wannan baridi huɗu ne. Baridi ɗaya farsahi huɗu ne, farsahi ɗaya mil uku, jimla mil 48. A kan haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tafi cikin Risala, da Shaihu Halilu cikin Muhtasar, littattafan da muka gada a zaurukanmu. Shafi'iyya da Hambaliyya su ma a nan suka tsaya. Wannan shi ne tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya, zango biyu ke nan, kowane zango mil 24. Hanafiyya sun ce tafiyar kwana uku. Shaihu Ibnu Taimiyya da waɗanda suka bi shi sun mayar da abin ga al'ada, duk abin da mutane ke kira tafiya. Mu a nan bisa mazhabar Malik muke amsawa, wadda ita mutanen ƙasarmu suka tashi a kai.

Da aka zo juya mil 48 zuwa ma'aunin zamani sai aka sami ɗan saɓani, saboda magabata sun saɓa a kan yawan kamu nawa ne cikin mil. Shaihu Abdurrahman Aljaziri, mai littafin fiƙihu bisa mazhabobi huɗu, ya ƙaddara shi kilomita 80 da mita 640. Shaihu Wahbatu Azzuhaili ya kai shi kusan kilomita 89. Wanda ya ɗauki 80 da ɗoriya yana da madogara, wanda ya jira 89 ya yi tsantseni. Malamanmu kuma sun yi sauƙi, sun ce wanda ya yi ƙasaru a tafiyar da ta gaza iyaka da abin da bai wuce mil takwas ba, sallarsa ta inganta, babu ramuwa a kansa. Amma wannan hukuncin abin da ya riga ya auku ne, ba izini ne na farawa ba.

Saura batun sauri. Magabata ba su ga jirgin sama ba, amma sun ga jirgin ruwa da iska mai kyau ke kora. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, ya tabbatar cikin Minhaj cewa teku kamar tudu take, wanda ya yanke waɗannan milamilai cikin sa'a guda zai yi ƙasaru. Masu sharhi na mazhabarmu sun tafi a kan haka, har suka ƙaddara wanda zai yanke nisan cikin ɗan lokaci kaɗan ta hanyar da ta saɓa wa al'ada, suka ce hukuncinsa ɗaya ne. Dalili shi ne, wahala ita ce hikimar rangwame, amma ba ita aka rataya hukunci a kanta ba, domin ba ta da ma'auni: abin da ya gajiyar da tsoho wasa ne ga saurayi. Tafiya ita ce abin da kowa ke iya ganewa, sai aka ɗaura hukunci a wuyanta.

Saboda haka wanda ya tashi daga filin Kano ya nufi na Dutse, kilomita 90, ya kai iyaka bisa ƙaddarawa duka biyu, ko da minti 20 ya yi a sama. Ka juya misalin kuma ka gani: ɗalibin tuƙin jirgi da ya tashi daga Dutse ya yi awa biyu yana kewaya garin, ya sauka inda ya tashi, ya ci ɗaruruwan kilomita amma ba shi da ƙasaru, domin bai nufi wani wuri mai nisan ƙasaru ba. Haka mai kora shanu daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ya wuni a rana yana tafiya a ƙasa, ya fi fasinjan jirgi gajiya ninkin ba ninkin, amma sallarsa raka'a huɗu ce, domin kilomita 20 da 'yan kai ba su kai ba. Ladan wahalarsa yana wurin Allah, amma hukunci na nan yadda yake.

DAGA INA AKE FARA ƘIRGA?

A nan ne da yawa suke kuskure. Ba daga filin jirgi ake fara ƙirga ba, daga garinka ake farawa, kuma har zuwa inda ka nufa. Tafiya ɗaya ce, ko da rabinta a mota rabinta a sama. Abin da ake sharɗantawa shi ne a yi nufin nisan gaba ɗaya tun farko, a zuwa kawai ban da dawowa, kuma tafiyar ba ta saɓo ba ce.

Mutumin Gumel yana da kamar kilomita 120 zuwa Kano, watau zango uku na fataken da. Zuwa Dutse ma hanyar mota ta haura 100. Na Maigatari ya fi shi nisa, na Sule Tankarkar ma tafiyarsa zuwa kowanne daga filayen biyu ta kai. Ashe ke nan waɗannan sun zama matafiya tun kafin su ga fiffiken jirgi, har mai rakiya wanda zai kai alhaji fili ya juyo, shi ma matafiyi ne. Ƙasaru kuwa yana farawa da zarar an wuce gidajen gari da lambunan da ake zama cikinsu masu haɗe da shi, ba a cikin gida ba, ba a tasha ta cikin gari ba.

Mutumin Gagarawa shi ke bukatar lura. Garinsa, wanda layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa tun 1930, ya fi sauran kusa da Dutse: a miƙe bai kai kilomita 80 ba, hanyar mota kuwa ta fi miƙaƙƙen zare tsawo. Idan shi ne mai tashi zuwa Abuja ko Makka, babu magana, tafiyarsa ta kai tun daga ƙofar gari. Idan kuwa rakiya ya yi zuwa filin Dutse kawai, sai ya duba ma'aunin mota a hanyar da ya bi, domin abin lura shi ne hanyar da aka taka, ba zaren taswira ba. In ta kai ya yi ƙasaru, in yana kokwanto ya cika, domin cikawa ita ce asali. Sai dai malamai sun ce wanda ya bar gajeriyar hanya ya bi doguwa ba da wani uzuri ba, don kawai ya sami ƙasaru, ba shi da shi.

Kazalika iyakar ƙasa ba ta sa ƙasaru. Ɗan Maigatari da ya tsallaka ƙauyen Nijar na kusa don ta'aziyya, mazauni ne a hukunci ko da an duba takardunsa. In ya nufi Damagaram kuwa, wadda ta haura kilomita 100 daga garinsu, matafiyi ne.

Abubuwa uku suna yanke hukuncin tafiya: shiga garinka, da shiga garin da matarka wadda ka tare da ita take zaune, da niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Alal misali, ɗan kasuwar Gumel mai iyali a Kano, da ya shiga Kano sai ya cika salla, in ya tashi zuwa Abuja sai ya sake sabon lissafi. Maniyyaci da ke sansanin alhazai yana jiran jirgi, yau ne gobe ne, yana nan kan ƙasarunsa muddin bai yi niyyar kwana huɗu ba, bai kuma tabbatar da cewa zai yi su ba. In an sanar da shi jirginsa sai bayan mako guda, kuma zai zauna nan, sai ya cika. In ya bi liman mazauni, ya cika tare da shi.

INDA AWA TAKE DA AIKI

Kada mai karatu ya ɗauka lokacin tafiya ba shi da amfani. Yana da shi, amma a wani babi, watau babin haɗa salla.

Malamanmu sun tsara abin kamar haka. Idan rana ta goce daga tsaka kana sauke a masauki, sai ka dubi lokacin da za ka sake sauka. In sai bayan faɗuwar rana, ka haɗa Azahar da La'asar tun kafin ka hau. In za ka sauka kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ka sallaci Azahar kawai, La'asar ta jira saukarka. In kuwa lokaci ya shiga kana bisa abin hawa, kuma za ka sauka kafin lokacin ta biyun ya fita, ka jinkirta su ka haɗa idan ka sauka. Magariba da Lisha ma haka. Asuba kuwa ba a haɗa ta da kowa.

Ga misali. Fasinja daga Kano zuwa Abuja, tashi ƙarfe 2:30 na rana, sauka wajen 3:30. Wannan zai yi Azahar raka'a biyu a masallacin fili, ya yi La'asar raka'a biyu a Abuja cikin lokacinta. Yana da ƙasaru, ba ya bukatar haɗawa. Ga kuma alhaji daga Dutse zuwa Jidda, shi ma tashi 2:30. In tafiyar ta ci awa biyar, agogonsa zai nuna 7:30, amma agogon Jidda 9:30 na dare, domin suna gabanmu da awa biyu. Wannan zai haɗa Azahar da La'asar kafin ya hau, ya haɗa Magariba da Lisha bayan ya sauka. A sani kuma, a ƙasarmu rana tana gocewa ne tsakanin 12 da 'yan mintoci zuwa wajen 12:40 gwargwadon watan shekara, don haka wanda aka kira hawa ƙarfe 1:30 lokaci ya riga ya shigar masa, ba sai ya jira ƙarfe 2 da aka saba kiran salla ba.

Gaskiya ne mashhurin mazhabarmu ya keɓance haɗawa ga tafiyar tudu ban da ta ruwa, saboda mai jirgin ruwa yana da halin tsayawa ya yi salla. Wasu suna kwatanta jirgin sama da na ruwa. Amma mai kujera a jirgin alhazai sau da yawa ba shi da wurin tsayuwa, sa'an nan haɗawar da yake yi a fili yana ƙasa ne, a tsakiyar tafiyar da ya faro da mota. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun halatta haɗawa a duk tafiyar ƙasaru. Al'amarin yana da yalwa, in sha Allahu.

Idan Asuba ta riske ka a sama kuma rana za ta fito kafin a sauka, kada ka bar ta. Ka yi ta yadda ka sami iko, a tsaye kana fuskantar alƙibla in da hali, in babu a zaune. Mai zuwa Jidda daga nan alƙibla kusan tana gabansa, gabas da ɗan karkata arewa, mai dawowa kuwa tana bayansa.

AZUMI DA RANA

Ajiye azumi shi ma a kan nisa yake, da ƙarin sharaɗi a wurinmu: a fara tafiyar kafin alfijir, a kuma kwana da niyyar ajiyewa. Wanda ya wayi gari a Gumel da azumi, ya fita da hantsi don ya kama jirgin yamma, ya riƙe azuminsa na wannan yini sai in wata larura ta taso. Ga mai iko kuma, yin azumin a tafiya shi ya fi a wurin Malik.

Shan ruwa kuwa da rana yake, ba da agogo ba. Ƙasa tana juya daraja ɗaya cikin minti huɗu. Tsakaninmu da Jidda daraja 30 ne da 'yan kai, shi ne awa biyun nan. Mai tafiya gabas yininsa yana gajarcewa, mai dawowa yamma nasa yana tsawaita, kowa kuma da ranar da yake gani zai yi aiki. Bugu da ƙari, wanda ke can sama kilomita 10 yana ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙarƙashinsa da minti goma ko fiye. Kada ya sha ruwa don an sha a garin da yake ketawa alhali ga rana yana kallo ta taga.

Wannan lissafi yana da amfani ko ga wanda bai taɓa hawa jirgi ba. Gumel tana gabas da Kano da kusan daraja guda, don haka alfijir yana keto mata kamar minti uku zuwa huɗu kafin Kano, rana ma haka take riga faɗuwa. Mai jiran sanarwar rediyon Kano don shan ruwa bai yi asarar komai ba sai 'yan mintoci, amma mai cin sahur har sai an kira Asuba a Kano yana iya ci bayan alfijir ya keto a garinsa. Jama'ar Gumel da Maigatari da Gagarawa su kula da wannan.

Haka nan mai niyyar harami a sama. Jirgi yana cin kamar kilomita 14 a minti ɗaya, don haka wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye ya yi wanka ya sa tufafin harami tun a ƙasa, ya ƙulla niyya da zarar an sanar da kusantar miƙati, kada ya tsaya neman jaka. Wanda aka fara kaiwa Madina kuwa miƙatinsa Zulhulaifa ne, a ƙasa zai same shi.

KAMMALAWA

Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi a hanya suna noma suna ci gaba, wasu can ƙasa ta rufe musu ido. Mu kuwa ana yin Azahar da mu a Dutse, a yi Lisha da mu a Jidda. Ayar Suratun Nahli ta 8, bayan ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ta yi nuni da cewa Allah zai halicci waɗansu abubuwan da mutanen wancan zamani ba su sani ba. Abin hawa ya sake, ma'auni bai sake ba.

Saboda haka duk mai shirin tafiya ya riƙe tambayoyi biyu. Ta farko: daga garina zuwa inda na nufa kilomita nawa ne? In ta kai 80 da ɗoriya, salla mai raka'a huɗu ta koma biyu, kuma wannan sunna ce mai ƙarfi, ba ragwanci ba. Ta biyu: ƙarfe nawa za mu tashi, ƙarfe nawa za mu sauka bisa agogon can? Amsarta ita za ta gaya masa ko ya haɗa salla ko kada ya haɗa. Muna kuma kira ga malaman da ke yi wa maniyyata bita a ƙananan hukumomin nan huɗu su sa wannan lissafi cikin darasinsu, su yi shi da misalai na awa da minti, domin mafi yawan alhazanmu wannan ne hawansu na farko. Matambayi dai ba ya ɓata.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadunmu baki ɗaya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin alwala da taimama ga wanda ke cikin jirgi.